Sauya Kamfanin Waya a Birtaniya Ba Tare da Intanet ɗin Gida Ya Yanke Ba: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da suke ta dawowa tsakanin 'yan'uwanmu mazauna Birtaniya, musamman ɗalibai da ma'aikatan lafiya da suka zo cikin 'yan shekarun nan. Labarin kusan ɗaya ne. Mutum ya kama gida, ya nemi intanet, aka ce masa idan ya haɗa da layin waya za a yi masa ragi, ya amince. Bayan wata goma sai ya ga abokin aikinsa yana biyan rabin abin da yake biya, ko kuma ya tarar sabis ba ya kamawa a wurin aikinsa. Yana son barin kamfanin wayar, ga shi kwantiragin intanet da sauran tafiya. Amsoshin sun fara daga na sama-sama, sannan suka gangara zuwa inda aka fi yin asara.

1. Zan iya barin kamfanin wayata amma in ci gaba da amfani da intanet ɗinsu?

Sai ka fara faɗa mana wace wayar kake nufi, domin amsar ta rabu biyu. Idan layin wayar hannu ne, a mafi yawan lokuta za ka iya. Layin salula da intanet ɗin gida hanyarsu daban, cire ɗaya ba ya kashe ɗaya. Abin da ka iya faruwa bai wuce ka rasa rangwamen da ake yi maka ba (tambaya ta 5), ko a nemi ka biya kuɗin fita da wuri (tambaya ta 6).

Idan kuwa wayar tarho ta gida ce, wadda lambarta ta fara da 01 ko 02, to ka dakata. Kada ka sa hannu a takardar kowane sabon kamfani sai ka karanta tambaya ta 7 da ta 8.

2. Bil ɗaya ake turo min. Yaya zan gane ko kwantiragi ɗaya ne ko biyu?

Bil ɗaya ba shi ne kwantiragi ɗaya ba. Kamfanoni da dama suna haɗa kuɗin a takarda guda don sauƙin karɓa, alhali a ƙasa yarjejeniya biyu ce, kowacce da ranar da ta fara da ranar da za ta ƙare. Ka shiga asusunka ta manhajar kamfanin ka duba. Idan ka ga ranar ƙarewa biyu, ɗaya a ƙarƙashin lambar wayarka, ɗaya a ƙarƙashin adireshin gida, to biyu ne. Tun watan Yunin 2022 hukumar Ofcom, mai kula da harkar sadarwa a ƙasar, ta wajabta wa kamfanoni su ba mutum taƙaitaccen bayanin kwantiragi kafin ya amince. Ka binciki imel ɗinka na ranar da ka yi rajista, yawanci yana nan kwance ba a taɓa buɗe shi ba.

Bayan haka ka tambayi kamfanin da kansa, kuma shawarata ka yi ta hanyar hira a rubuce a shafinsu, ba ta kiran waya ba. Abu uku za ka nema: idan na ɗauke lambata, intanet ɗina zai ci gaba? Nawa zan riƙa biya a wata bayan haka? Ranar ƙarewar kwantiragin intanet za ta motsa? Ka ɗauki hoton amsar ka adana. Maganar baki tana tashi da iska, kuma wanda ya amsa maka yau ba shi ne za ka samu ranar da rigima ta taso ba.

3. Yaya ake sauya layin salula lambar ta biyo mutum?

Wanda ya taɓa sauya layi a Najeriya bayan hukumar sadarwa ta NCC ta buɗe hanyar a watan Afrilun 2013 zai tuna sai ya je ofishin sabon kamfani da kansa, ya cike fom, sannan ya tura PORT zuwa 3232. A nan ba sai ka taka ko'ina ba. Tun ranar 1 ga Yulin 2019, abin da ake yi shi ne ka rubuta PAC ka tura zuwa 65075 daga layin da kake son ɗaukewa. Cikin minti ɗaya amsa za ta shigo da wata lamba mai haruffa uku da alƙaluma shida, tare da bayanin ko akwai kuɗin da ake bin ka idan ka tafi. Wannan lambar za ka miƙa wa sabon kamfani, shi kuma dole ya kammala sauyin cikin ranar aiki ɗaya.

Lambar PAC tana aiki na kwana 30. Karɓarta ba ya soke komai, idan ba ka yi amfani da ita ba za ta mutu, layinka ya ci gaba kamar da. Wanda ba ya son tsohuwar lambarsa sai ya tura STAC zuwa 75075. Wanda kuma yake son kawai ya ji nawa zai biya idan ya fita, ba tare da ya ɗauki mataki ba, sai ya tura INFO zuwa 85075. Duka kyauta ne.

Kada ka kira tsohon kamfani ka ce su rufe layin. Sauyin da kansa yake rufe shi, kuma an hana su cajin kuɗin wa'adin sanarwa bayan ranar da lambar ta koma.

4. Na tura saƙon amma an ƙi ba ni lambar. Layin da sunan maigidana yake, ko shi ya sa?

Mai yiwuwa shi ne. Idan asusu ɗaya yana ɗauke da layi fiye da ɗaya, misali naki da nasa da na yara, saƙon tes ba ya wadatarwa. Sai mai asusun ya shiga ta manhaja ko ya kira su, ya nemi PAC na lambarki ke kaɗai. Ki tabbatar an ambaci lambar daidai, kada a fitar da ta wani. Wasu kamfanonin kuma suna son a ƙara ranar haihuwa ko lambar sirri a cikin saƙon, amsar da suka dawo miki da ita za ta nuna yadda ake rubutawa. Idan kin koma sabon kamfani ki buɗe asusun da sunanki, domin kwantiragin da ake biya wata-wata yana taimakawa wajen gina tarihin biyan bashi na ƙashin kanki, abin da za ki buƙata ranar neman haya ko lamunin gida.

5. Me zan rasa idan na cire layin salula daga ƙunshin?

Garaɓasar da aka ja hankalinka da ita tun farko. Virgin Media da O2 sun zama kamfani ɗaya a 2021, kuma a tsarinsu mai suna Volt, gidan da yake da intanet ɗin Virgin da layin O2 yana samun ƙarin gudun intanet zuwa mataki na gaba da ninkin data a waya. Ka bar O2, ka yi tsammanin gudun zai koma yadda ka saya. Vodafone ta daɗe tana rage wa masu layinta 'yan fam a kuɗin intanet ɗin gida. EE, wadda babban kamfanin sadarwa na BT ya saya a 2016, tana sayar wa masu intanet ɗinta layin salula da sauƙi. Kowanne dai igiya ce da ake ɗaure abokin ciniki da ita, kuma ba laifi ba ne, muddin ka san tsawonta.

Ka yi lissafi da biro da takarda. Mu ɗauka kana biyan fam 22 a wata na layi, ka samu wani a fam 8, rangwamen intanet da za ka rasa fam 5 ne, kuma saura wata 14 kwantiragin intanet ya ƙare. Ribarka ta gaskiya fam 9 ce a wata, wato fam 126 a tsawon lokacin. Idan kuɗin fita da wuri ya kai haka ko ya ɗara, zama ya fi. Na ga mutane da yawa suna kallon fam 8 ɗin nan kawai, su mance da sauran lissafin.

6. Nawa ne kuɗin fita da wuri, kuma ina labarin wayar da nake biya kaɗan-kaɗan?

Idan wa'adin kwantiragin layin ya cika, ba ka biyan komai. Tun watan Fabrairun 2020 dole kamfani ya sanar da kai tsakanin kwana 10 zuwa 40 kafin cikar wa'adin, ya kuma faɗa maka farashi mafi sauƙi da yake da shi. Idan wa'adi bai cika ba, ana lissafa kuɗin ne da watannin da suka rage, sau da yawa a ɗan rage wani abu, kuma bai kamata ya wuce jimillar abin da da ma za ka biya ba. Saƙon INFO na tambaya ta 3 zai ba ka adadin.

Ita na'urar wayar maganarta daban. Kamfanoni irin su O2 da Sky suna raba kuɗin waya da kuɗin kira da data, na wayar ya zama bashi mai zaman kansa da kan kai wata 36. Barin layi ba ya yafe wannan bashin. Ka tambaya ko za ka ci gaba da biya wata-wata ne ko za a ce ka biya ragowar gaba ɗaya, domin sharuɗɗan sun bambanta. Batun kulle waya kuwa, an hana sayar da kullalliyar waya tun Disambar 2021, sai dai idan taka ta girmi haka, ka nemi su buɗe maka kafin ranar sauyi.

7. Me ya sa ake cewa ɗauke lambar wayar gida yana kashe intanet?

Saboda a tsohon tsari, lambar da layin abu ɗaya ne. Igiyar jan ƙarfe da Openreach, kamfanin da ke kula da yawancin layukan tarho na ƙasar, ya shigo da ita gidan an yi mata rajista ne da lambar tarho, intanet kuma ɗora shi aka yi a kanta kamar kaya a bayan jaki. Idan sabon kamfani ya nemi lambar, na'urorin tsohon kamfani suna fassara hakan da cewa mai gidan ya bar layin. Sai su rufe shi, intanet ya tafi tare da shi, sannan a turo maka takardar kuɗin karya kwantiragin da kai ba ka yi niyyar karyawa ba.

Wannan ya faru da ni, shi ya sa nake tsayawa a kansa. Na samu wani kamfanin kira ta intanet mai arahar kiran gida, na cike fom na ba su lambarmu, ban tambayi kowa ba. Ranar wata Talata da safe 'yata ta sauko da kwamfuta a hannu ta ce, "Baba, wayfai ba ya yi." Na duƙa bayan kujera na duba akwatin, fitilar da kullum take kore ta koma ja. Na kashe na kunna har sau uku. Da na kira, aka ce min an rufe layin bisa buƙatata, kuma maido da shi sabon oda ne, sabon kwantiragi. Kusan mako biyu yarinyar tana karatun jarrabawa da datar wayata, tana ƙirga kowane bidiyon darasi kafin ta buɗe shi. Har yau ina jin ciwon abin, domin tambaya ɗaya da na yi da ta hana.

Ko a gidajen da aka ja musu faiba (sabuwar igiyar intanet mai sauri) har ciki, inda intanet bai dogara da lambar tarho ba, wasu kamfanonin sun sayar da waya da intanet a matsayin haja ɗaya. A wurinsu ma fitar lamba na iya rufe asusun duka. Kada ka ce ai naka faiba ne ka saki jiki.

8. To ina son lambar gidan, ina kuma son intanet ɗin. Yaya zan yi?

Ka juya tsarin, intanet ya fara tsayawa da ƙafarsa kafin lamba ta motsa. Ka nemi kamfaninka ya mayar da kai tsarin intanet zalla, ba waya. A layukan Openreach akwai irin wannan tsari, ana kiransa SOGEA idan ƙarshen layin jan ƙarfe ne, kuma faiba har gida da ma ba ya buƙatar lamba. Ka tambaye su a rubuce ko canjin zai sabunta wa'adin kwantiraginka, domin wasu sai sun sa ka fara sabon wata 18 ko 24.

Da zarar an cire wayar daga asusun, agogo ya fara bugawa. Ƙa'idar Ofcom ta ba mutum damar ɗauke lambarsa har tsawon wata ɗaya bayan an rufe ta. Saboda haka ka riga ka buɗe asusu a sabon kamfanin, ka gaya musu halin da ake ciki, su tabbatar maka za su iya karɓo lambar da aka riga aka dakatar, sannan su tura buƙatar a ranar da aka cire ta. Za ka yi 'yan kwanaki wayar gida ba ta shiga, ka sanar da dangi tun da wuri. Idan kamfaninka ya ce sam ba ya raba su, to hanya biyu ta rage: ka jira wa'adi ya cika, ko ka kwashe duka (tambaya ta 13).

9. Hajiyarmu tana zaune da mu, wayar gida kawai ta iya amfani da ita. An ce za a kashe layukan, gaskiya ne?

Tsohuwar hanyar ce za a kashe, ba lambar ba. Da farko an tsayar da Disambar 2025 a matsayin lokacin kashewa, daga baya BT ta ɗage zuwa ƙarshen Janairun 2027, kuma tun Satumbar 2023 Openreach ta daina sayar da sababbin layuka irin na da. Wayar Hajiya za ta ci gaba da aiki, sai dai maimakon ramin bango, za a soka igiyarta a bayan akwatin wayfai.

Abin lura shi ne wuta. Tsohon layi yana aiki ko an ɗauke lantarki, sabon kuwa yana mutuwa tare da akwatin. Ofcom ta ce kamfani ya samar wa wanda ya dogara da wayar gida hanyar kiran 999, lambar agajin gaggawa, na aƙalla awa ɗaya idan wuta ta ɗauke, ba tare da ya biya ba. Ku gaya musu akwai dattijuwa a gidan. Idan kuma tana rataya na'urar kiran agaji a wuya ko a hannu, kada ku taɓa layin sai masu na'urar sun tabbatar tana aiki da sabon tsari. A irin wannan gida ni ba na ba da shawarar raba waya da intanet don tsimin 'yan fam.

10. An ƙara min kuɗi a tsakiyar kwantiragi. Hakan ya ba ni damar fita kyauta?

Ya danganta da abin da ka amince da shi. Kwantiragin da aka ƙulla kafin 17 ga Janairun 2025 sau da yawa yana ɗauke da sharaɗin ƙari duk shekara bisa ma'aunin hauhawar farashi, a ɗora kashi 3.9 cikin ɗari a kai. Daga wannan rana an hana haka a sababbin kwantiragi, dole a rubuta ƙarin ƙarara, fam nawa, yaushe. Idan ƙarin da aka yi maka shi ne wanda aka rubuta, ba ka da mafita. Idan ya wuce haka, ko an sauya wani sharaɗi da ba ka amfana da shi ba, dole su ba ka sanarwar wata ɗaya da damar tafiya ba tara. Inda aka sayar da hidimomin a matsayin ƙunshi, damar tana iya shafar ƙunshin duka, don haka ka tambaya takamaimai me za ka iya bari, me za ka iya riƙewa, kuma a nawa.

11. Ba zan iya soke Direct Debit kawai in huta ba?

A'a, don Allah kada ka yi. Soke umarnin banki ba ya soke kwantiragi, bashi kawai yake tarawa. Idan bil ɗaya ne, kuɗin intanet ma ya tsaya ke nan, za a iya yanke shi. Mafi muni, idan aka rubuta ka kasa biya a kundin kamfanonin da ke adana tarihin bashi, wato Experian, Equifax ko TransUnion, tabon yana zama shekara 6. Ka bar umarnin a buɗe har bil na ƙarshe ya fita.

12. Me zan gani a ranar sauyin, kuma wane kamfani zan koma?

Ana yin sauyin ne a ranakun aiki, ban da Asabar da Lahadi. Ka bar tsohon sim a waya har sabis ɗinsa ya ɗauke, sannan ka sa sabon, ka kashe wayar ka kunna. Wani lokaci kira yana riga saƙon tes dawowa da 'yan awoyi. WhatsApp ba ya buƙatar komai tunda lambar ba ta canja ba. Amma kada ka zaɓi ranar da kake jiran lambar sirri daga banki, ko ranar da za ka shiga asusun bizarka na UKVI (hukumar biza ta Birtaniya) don nuna wa mai gida ko wurin aiki matsayinka, ko ranar tafiya.

Wajen zaɓe, ka san cewa ƙananan kamfanoni haya suke yi a turakun manya. Lebara da Voxi suna kan Vodafone, giffgaff da Tesco Mobile da Sky Mobile suna kan O2, Smarty da iD Mobile suna kan Three, Lycamobile kuma ta koma EE a 2023. Vodafone da Three su ma sun haɗe a 2025. Wanda rashin sabis ɗin O2 a unguwarsa ya kora, ya koma giffgaff, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago. Ka sayi sim na wata ɗaya ka gwada shi a ɗakin kwana da wurin aiki kafin ka miƙa PAC. Idan don kiran Kano ko Maraɗi kake sauyawa, ka duba jerin ƙasashen da mintunan waje suka ƙunsa, domin Najeriya da Nijar ba kullum suke ciki ba. Abin da ka saya ta intanet ko ta waya kana da kwana 14 na fasawa.

13. Ba gara in kwashe waya da intanet duka zuwa wani kamfani ba?

Idan wa'adin intanet ya kusa cika, sau da yawa hakan ya fi tsafta. Tun 12 ga Satumbar 2024 akwai tsarin One Touch Switch: sabon kamfani kawai za ka tuntuɓa, shi zai yi magana da tsohon, ko da daga layin Openreach za ka koma Virgin Media ko CityFibre. Tsohon kamfani zai aiko maka da bayanin kuɗin fita da abin da za ka rasa kafin ka tabbatar. Ka faɗa tun farko cewa kana son riƙe lambar gida. Tsarin bai shafi layin salula ba, shi har yanzu ta PAC ne (tambaya ta 3).

14. An yanke min intanet ko an caje ni ba daidai ba. Ina zan kai kuka?

Ka fara da kamfanin, ka ce ƙorafi kake shigarwa a hukumance, ka karɓi lambar ƙorafin, ka haɗa da hotunan hirar da ka adana a tambaya ta 2. Manyan kamfanoni suna cikin tsarin biyan diyya kai tsaye da ya fara a Afrilun 2019, lokacin fam 8 ne a kowace rana idan gyara ya wuce ranar aiki biyu, fam 25 idan injiniya ya saɓa alkawari, fam 5 a rana idan an jinkirta fara sabis, kuma ana ƙara adadin duk shekara. Ka duba bil ɗinka ka ga ko an saka.

Ofcom ba ta sasanta rigimar mutum ɗaya. Masu wannan aiki biyu ne, Communications Ombudsman da CISAS, kowane kamfani yana ƙarƙashin ɗaya daga ciki, kuma ba a biyan ko kwabo. Za ka iya zuwa wurinsu idan kamfani ya ba ka wasiƙar cewa magana ta cije, ko idan wa'adin jira ya wuce, wanda aka daɗe yana mako 8 kafin Ofcom ta yanke rage shi zuwa mako 6 daga Afrilun 2026. Hukuncinsu yana hawa kan kamfani idan ka karɓa. Wanda Turancin takarda yake ba shi wahala ya je ofishin Citizens Advice mafi kusa da bil ɗinsa da hotunan hirar, za su taya shi rubutawa.